Ƙarfen Mai Latti

Ni dai tun da na ajiye aiki zama ya gagare ni. Uwar yaran nan ta yi magana har ta gaji. "Malam, don Allah ka zauna wuri ɗaya mana, sai ka ce wanda aka zuba wa ƙaiƙayi a tabarma." In zauna in yi me? Da an idar da sallar asuba jikina ke fara tsuma, ƙafafu su ce tashi, hannun dama ya riƙa motsi kamar akwai abin da ya manta bai ɗauka ba. In na shiga ɗaki in fito, in na fito in leƙa zaure, daga nan sai titi. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina inda wannan ciwo ya samo asali ba sai makon jiya, da yawon nawa na babu gaira babu dalili ya bi da ni ta gaban tsohuwar makarantarmu da hantsi.

Da ƙyar na gane ta. An zagaye ta da katanga mai tsawo, an jera shaguna a jikin katangar, mai sayar da katin waya da mai aski da mai gyaran janareta. An sa mata ƙofar ƙarfe, an garƙame da kwaɗo. A waje, kan kwalbati da gindin katanga, ga yara nan cikin kayan makaranta, wasu na zaune, wasu na jifan juna da ɓawon rake, wasu sun fara sulalewa ta bayan shaguna. Na leƙa ta ramin ƙofa ina neman dalbejiyar da ke gaban ofis, babu ita babu alamarta. Na ce wa mai gadi, "Bawan Allah, ina ƙarfen da ake bugawa?" Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Wane ƙarfe, Baba? Ƙararrawar lantarki ce, in babu wuta malami ya busa usur." Na ce yaran nan fa? Ya ce masu latti ne, doka ce, in an rufe an rufe. Kai, wallahi sai da na dafa katangar.

A zamaninmu makarantar nan ba ta da katanga. Iyakarta layin dalbejiya ne da wata 'yar kwata, kuma duk da haka ba ka isa ka ƙetare ba, don mai ƙosan bakin hanya ma ta san ajin kowa, in ta gan ka a waje ba kan lokaci ba kafin ka kai gida labari ya riga ka. Kaduna ta wancan zamani, da kunne ake sanin lokaci a cikinta. Begilar soja daga bariki, jiniyar jirgin ƙasa mai zuwa Kano, kiran salla da ke tashi daga masallaci ɗaya sauran su amsa, sannan a unguwarmu ta Abakpa ƙarar gudumar maƙera, wadda ke farawa tun zakara bai gama shawara ba. A saman duk waɗannan akwai ƙarfen makarantarmu. Tsohon wilin babbar mota ne, wato ƙarfen da ake sa wa taya, aka rataye shi da sarƙa a reshen dalbejiya. In aka ƙwala masa sanda, ƙarar na tafiya har bakin kasuwa, matan gida su ce to, 'yan boko sun shiga, bari a ɗora sanwa.

Mu yara ne daga ko'ina. Ga 'ya'yan ma'aikata daga Unguwar Rimi da fararen takalma da guga mai kaifi, ga 'ya'yan 'yan tireda daga Hayin Banki masu lissafi a ka kamar na'ura, ga mu 'ya'yan masu sana'ar hannu da baƙin farce. Amma da safe tsintsiya ɗaya muke karɓa, ranar aikin gona fartanya ɗaya, ba ruwan kunyar gyaɗa da ofishin ubanka. Wanda ya iya ƙwallo sai an tura shi muhawara, wanda ya iya surutu sai an sa shi tseren gudu ko da zai zo na ƙarshe, kuma duk ranar da wani ya yi rashin uwa ko uba ajinsu kaf ke tafiya gaisuwa a ƙafa, a jere. Shugaban makarantar wani dattijo ne dogo, siriri, mai magana a hankali kamar ba ya so, muna kiransa Tsoho a bayan idonsa. Ba ya yawan duka, a zamanin da ko'ina bulala ce ke mulki. Yakan ce, "Bulala gudu take koya wa yaro, ba ta koya masa zuwa."

To, shi Tsoho yana da wata al'ada da ban taɓa jin irinta a wata makaranta ba. Aikin buga ƙarfe ba a ba yaron kirki mai zuwa da wuri. Wanda ya fi kowa latti a makarantar shi ake ba. Sandar bugun, wani guntun rodi ne mai kauri, a jakarsa take kwana, da ita yake zuwa gida, da ita yake dawowa. Ba mai taɓa wilin nan sai shi kaɗai, ko malami bai isa ba, ko shi Tsoho kansa. In ba ka da lafiya, ka aika a zo, ka damƙa sandar hannu da hannu. Kuma ba a shiga aji sai ƙarfe ya yi magana.

Ni kuwa a latti ban da na biyu. Ba barci ba ne, ina! Babanmu maƙeri ne, yana ƙera bokiti da murhun gawayi da akwatin ƙarfe daga tsofaffin gangunan mai, ni ne kuma babban ɗansa namiji. Kullum bayan asuba sai mun loda kaya a amalanke ni da yaron shagonsa, mun tura har babbar kasuwa, mun jera a rumfa, sannan in kwasa a guje zuwa makaranta. Ina isa an gama taron safe, wani lokaci har an ci rabin darasin farko. Malamin lissafinmu ɗan Gana ne, da Hausarsa mai tsalle-tsalle yakan tare ni da, "Sannu ba ta hana zuwa, ko ba haka ba, ranka ya daɗe?" aji ya kwashe da dariya. Ni ma in yi, don in ban yi ba kuka zan yi.

Ranar da aka ba ni sandar, ina aji biyu. Mai riƙe da ita a lokacin, wani zabgegen yaro ɗan Hayin Banki, ya ratso layuka a taron safe yana tafe yana murmushi, ni kuwa na shigo ke nan ina haki, ina ƙoƙarin ɓuya a bayan layi. Sai ga shi a gabana. Ya kama hannuna ya buɗe, ya ɗora mini ita, ya ce, "Allah ya taya ka riƙo, sarkin latti." Makaranta ta ɗauki shewa. Na ji nauyin rodin nan har kafaɗa, na ce a raina yau an gama tozarta ni. Da na kai ta gida Baba ya juya ta a hannu, ya ce, "Ƙarfen kirki ne. Na wane ne?" Na ce na makaranta ne, amana aka ba ni. Ya ce, "To ka san abin da ka ɗauko."

Daga nan rayuwa ta zama gudu. Na koma tashi kafin ladan, in loda kaya tun kafin a tafi masallaci, ana sallamewa mu kama hanya. Akwai monitan ajinmu, ɗan Unguwar Rimi, ɗan wani babban ma'aikaci, yaro mai tsabta har ta yi yawa, wanda a da ko gaisawa ba mu cika yi ba. Shi ya fara jirana da kekensa a bakin kasuwa, ba tare da na roƙe shi ba, wai hanyarsa ce. Hanyarsa ina, ai baya yake komawa. In ɗare bayan keken, sanda a jaka tana dukan haƙarƙarina, mu iso ina dirowa sai gindin dalbejiya. Kuma sandar ta koya mini abin da allo bai koya mini ba. Na koyi duban agogon bangon ofis ta taga ba tare da na rasa abin da malami ke faɗa ba. Na koyi miƙewa a gaban babban mutum yana tsakiyar magana in ce, "Malam, a yi haƙuri, lokaci ya yi," da ladabi amma ba da tsoro ba. Na san in na jinkirta bugun azahar limamin makaranta zai jira, in na gaggauta bugun hutun ƙarfe tara mai ƙosai ba ta gama suya ba. Yaron da ke ɓuya a bayan layi ya wayi gari kowa ya san fuskarsa, har manyan 'yan aji biyar na cewa, "Mai ƙarfe, yau ka taimaka mana da wuri, darasin nan ya ishe mu."

Ana cikin haka yaron shagon Baba ya tafi neman shiga soja. Ga kaya sun yi tsada, ga bayan Baba ya fara ciwo, in ya sunkuya sai ya dafa gwiwa kafin ya miƙe. Na ga yana kallona a maƙera kwana da kwanaki, irin kallon da yake wa ganga kafin ya yanke ta. Wata Lahadi da yamma ya ce, "Kai, ka iya karatu, ka iya rubutu, ka iya lissafi. Boko ta isa haka. Daga gobe rumfa za ka zauna, ni in tsaya wajen wuta." Innarmu ta buɗe baki daga bakin murhu, ya ɗaga mata hannu, ta mayar da shi ta rufe. A gidanmu ba a mayar wa Baba magana. Abin da na iya cewa kawai shi ne, "Baba, sandar makaranta tana wurina." Shi kuwa mutum ne da ko allura aka ba shi ajiya ba ya barci sai ya mayar. Ya ce, "In mun kai kaya mun jera, ni da kaina zan raka ka ka mayar musu da abinsu."

Litinin ɗin nan ba na manta ta. Bazara ce, irin wadda tun da safe rana ke fitowa da fushinta. Mu biyu muka tura amalanke, muna tafe muna tsayawa saboda bayan Baba. A bakin kasuwa na hango monita da kekensa, na girgiza masa kai, na faɗa masa a gurguje abin da ake ciki. Ya juya keken ya taka. Muka jera kaya, wani mai sayen akwati ya tsayar da mu da ciniki, ni kuwa kunnena na can wajen makaranta ina jiran in ji wani ya buga da dutse ko da wani abu, a wuce wurin. Shiru. Har hantsi ya dubi ludayi shiru. Sai a lokacin Baba ya ba maƙwabcinsa jiran rumfa, ya ce mu je.

Da muka ƙetare 'yar kwatar nan muka shiga layin dalbejiya, Baba ya ja ya tsaya. Makarantar gaba ɗaya tana filin taro, aji-aji, layi-layi, a tsaye cikin rana. Malamai na gefe a tsaye. Wasu ƙananan yara da jiri ya ɗiba an zaunar da su a inuwa, amma shi Tsoho yana tsakar rana, hannuwa a baya, gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Ba mai magana. Idanu suka juyo kanmu, ni da kayan gida, Baba da rigar maƙera mai baƙin gawayi. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Baba ya matsa ya yi sallama, ya rage murya ya ce, "Ranka ya daɗe, rasuwa aka yi?"

Tsoho ya miƙa masa hannu biyu ya ce, "Lafiya lau, Malam. Ba a buga ƙarfe ba ne, ba mu da ikon shiga aji."

Baba ya dubi wilin, ya dubi yaran, ya ce, "Subhanallahi. Duk faɗin filin nan an rasa dutse ɗaya da za a ƙwala masa?"

"Dutse kam ga shi nan birjik," in ji Tsoho. "Sai dai ba dutse muka ba amana ba."

Baba ya share fuska da tafin hannu. Ya ce shi fa ya zo ne ya mayar da kayan makaranta, yaro ya gama boko, yana bukatarsa a sana'a, a yafe masa tsayuwar da aka yi. Na zaci Tsoho zai kawo dogon wa'azi a kan amfanin ilimi. Ko kaɗan. Cewa ya yi, "Ɗanka ne, Malam, kai ke da iko da shi, kuma sana'arka ba abin rainawa ba ce. Abu ɗaya ne. A nan sanda ba a ajiye ta a ƙasa, ba a kuma ba malami. Mai ita ke damƙa wa ɗan'uwansa hannu da hannu. Ga su nan, ya zaɓa."

Na ciro sandar daga jaka. Ƙafafuna suka kai ni wajen monita, don shi ne a gaban layinmu kuma shi na fi yarda da shi. Na miƙa masa. Ya dube ni ido cikin ido, ya mayar da hannuwansa baya ya harɗe. Na ce a hankali, "Don Allah karɓi, kada ka ƙara mini." Ko motsi bai yi ba. Na matsa ga na bayansa, shi ma ya mayar da hannu baya. Na uku haka. Kafin in kai tsakiyar layi sai na ji wani sauti kamar iska ta ratsa gonar dawa, na ɗaga kai, ashe makarantar ce duka, tun daga 'yan aji ɗaya har manyan da suka fara gemu, kowa ke mayar da hannuwansa baya. Waɗanda suka yi mini shewa, waɗanda muka yi dambe da su a filin ƙwallo, waɗanda ban ma san sunansu ba. Yaran da suka sha rana tun safe saboda ni, da ɗayansu ya karɓa da tuni suna inuwa. Na tsaya a tsakiyarsu da rodi a hannu, hawaye na zuba, ban ko iya sharewa ba.

Sai monita ya fito daga layi, abin da ba a yi sai da izini, ya je gaban Baba ya durƙusa har ƙasa da farin wandonsa. Ya ce, "Baba, in amalanken ne, mu za mu riƙa turawa. Muna da yawa."

Baba ya daɗe yana kallonsa. Ya dubi layukan nan, ya dubi Tsoho, wanda ya kafa ido a ƙasa kamar ba da shi ake ba. Sannan Baba ya juyo gare ni da tsawa, irin wadda yake yi in yana son ɓoye wani abu, ya ce, "Kai kuma me kake jira? Je ka buga musu, ka bar bayin Allah a rana!"

Ban san da wane ƙarfi na buga wilin nan ba. Sai da sarƙar ta yi tsalle, tsuntsaye suka watse daga dalbejiya. Da na waiwaya Baba ya riga ya kai bakin kwata, yana tafe shi kaɗai, hannu ɗaya a ƙugu.

Washegari muna fitowa daga masallaci muka tarar da yara a ƙofar gidanmu, monita da wasu. Haka aka ci gaba, yau waɗannan gobe waɗancan, ba wanda ya rubuta, su suka san yadda suke raba abinsu. Ɗan babban ma'aikaci ya tura amalanke a titin Kaduna har tafinsa ya yi kanta, Innarmu na bin su da koko a kwano tana cewa, "Ku sha, 'ya'yan nan, kada ku faɗi a hanya." Rumfa kuwa maƙwabci ya riƙa duba ta da safe, ni in karɓe shi bayan an tashi. Ranar Asabar wasu kan zo maƙera su zuga wuta, Baba na yi musu faɗa a kan riƙon guduma, su kuma su zaunar da ni su ɗura mini lissafin da ya wuce ni. Baba bai taɓa cewa ya janye maganarsa ba, har ya koma ga Allah. Abin da na sani, wata rana da yamma na tarar ya ciro sandar daga jakata, ya miƙar da kanta da ya lanƙwashe, ya naɗa mata fata a mariƙi don kada ta ci mini hannu. Da lokacina ya yi na damƙa ta ga wani ƙaramin sarkin latti, kuma a ranar na bi shi har gida in ga abin da ke riƙe shi, don na riga na gane amfanin sandar ke nan.

Duk wannan ya dawo mini a tsaye a jikin katangar nan. Na so in wuce, ƙafafun da ba sa zama suka ƙi tafiya. A ƙarshen kwalbati akwai wani yaro shi kaɗai, bai shiga wasan jifa ba, ya rungume jaka, gumi bai gama bushe masa a goshi ba. Na san irin wannan gumin, na gudu ne. Na matsa na ce, "Samari, me ya tsare ka?" Ya miƙe da ladabi ya ce kayan miya ya kai wa mahaifiyarsa kasuwa, kullum sai ya kai, yau kuma ba a samu abin hawa da wuri ba. Na ce to yanzu fa? Ya ce sai gobe, in ya dace. Ta ramin ƙofa ina jiyo muryar malami yana darasi, yara na amsawa.

Na ce, "A ciki wa ke jiranka?"

Ya dube ni, ya ɗan yi dariya, ba ta raini ba, ta wanda bai fahimci tambayar ba. Ya ce, "Jirana kuma, Baba? Wa zai jira ni?"

Hannuna na dama ya kai gefen da jaka ke rataya a da, babu komai. Na ce masa ya koma ya zauna, ya matsa mini. Na tattare babbar riga na zauna kusa da shi a kan kwalbatin, cikin rana, na ce ba inda za mu sai shugaban makarantar ya fito.